Landan zuwa New York: me ya sa zuwa ya fi dawowa daɗewa?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A jadawalin jiragen Landan zuwa New York, jirgi zai tashi ƙarfe 10 na safe ya sauka ƙarfe 1 na rana, amma an rubuta tafiyar awa 8 ce. Dawowa kuma awa 7. Hanya ɗaya ce, to ina awa gudan ta shiga?

Malam Mai Taswira:
Wa alaikumus salam. Lokacin da ke kan tikiti na garin da ake ciki ne. Agogon New York yana bayan na Landan da awa 5, don haka ƙarfe 1 na can ƙarfe 6 ne na yamma a Landan. Ga awa 8 ɗinka. Sai dai a kula da watan Maris: ƙasashen biyu kan tura agogo gaba da awa ɗaya kowace shekara, amma Amurka na riga Ingila, sai tazarar ta koma awa 4 na mako biyu ko uku. Nan masu canjin jirgi suke yawan kuskure.

Injiniya:
Batun dawowa kuwa aikin iska ne. Tsakanin filin Heathrow na Landan da na JFK a New York kusan kilomita 5,550 ne, jirgi kuma yana cin kamar kilomita 900 a awa, wato awa 6 da 'yan mintoci in babu iska. To a can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda bambancin sanyin can arewacin duniya da ɗumin yankunan da ke kusa da tsakiyarta ke haifarwa. Mai zuwa Amurka yana karo da ita, ko ya kauce mata hanya ta ƙaru. Mai dawowa kuwa tura shi take yi. Ta fi tsanani lokacin hunturu. A Fabrairun 2020 wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56 saboda ita.

Masu cewa wai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgi, ba haka ba ne. Iskar da jirgin ke ciki tare da duniya take juyawa.

Hajiya Mai Jadawali:
Ƙari a kan bayanin Injiniya: awannin da ake rubutawa daga barin ƙofar shiga jirgi ne zuwa tsayawa a ta can. Tafiyarsa a ƙasa da jiran layin tashi duk suna ciki, kuma a manyan filaye irin waɗannan hakan kan ci minti 20 ko fiye.

Hanyar ma ba ɗaya ba ce kullum. Cibiyar kula da zirga-zirgar jirage ta Gander a Kanada da ta Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ireland ne ke kula da sararin tekun Atlantika ta arewa, kuma ana tsara layukan bi ne gwargwadon inda iskar ta karkata a ranar. Ɗan Koyo, in akwai jirgi na biyu a New York, a bar tazarar awa 3, domin sai an wuce jami'an shige da fice an kuma karɓi kaya kafin a sake miƙa su.