Neman shawara: hanyar karatu a intanet da ba ta cinye data

Malam Sabi'u, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ni da ɗalibaina mun shiga wani hali. Labari ɗaya kake son karantawa, amma kafin rubutun ya fito talla ta cika fuskar waya, bidiyo ya fara wasa da kansa, wayar ta ɗauki zafi. Bukatata biyu ce: in karanta labarai, in kuma ajiye wa yara darasin Hausa inda ƙaramar waya za ta buɗe shi. Na ji ana cewa akwai tsofaffin hanyoyi da suka girmi shafukan yanzu. Wanda ya sani ya taimaka.

Injiniya Auwal, Bukuru:
Wa alaikumus salam Malam. Fara da RSS, ita ce mafi saurin amfani. Tun 1999 take. Shafi yana fitar da jerin sabbin rubuce-rubucensa a ɗan ƙaramin fayil, manhajarka ta je ta ɗauko, ba sai ka buɗe shafin ba. Kamar ka aiki yaro Farin Gada ne ya kawo maka tumatir da attaruhu kawai, kai kana gida. Sauke manhajar Feeder daga F-Droid, wani rumbun manhajoji na Android, kyauta ce kuma ba talla. BBC Hausa suna da RSS. Shafin da aka gina da manhajar gina shafuka ta WordPress kuwa, ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa, yawanci za ta fito. Ni da asuba nake sabuntawa lokacin da sabis ke da ƙarfi, in karanta a hankali data a kashe.

Hajiya Rabi, Rikkos:
Injiniya, ba ita ce aka ce ta mutu ba?

Injiniya Auwal, Bukuru:
Hajiya, Google Reader, manhajar Google ta karanta RSS, ce aka rufe a watan Yulin 2013, mutane suka ɗauka komai ya tafi da ita. RSS ba mallakar kamfani ɗaya ba ce, babu mai ikon rufe ta. Yawancin shirye-shiryen podkas da kike saurara ta kanta suke iso miki. Sai dai wasu gidajen jarida kanun labari da layi biyu kawai suke sakawa, sauran sai kin buɗe.

Baba Ɗanlami, Gangare:
Sabi'u ɗana, bari tsoho ya sa baki. Kafin shafukan nan su mamaye duniya akwai Gopher, wadda Mark McCahill da abokan aikinsa suka fitar a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1991. Jeri ne kawai: ka zaɓi layi, ya kai ka wani jerin ko ya buɗe maka rubutu. Ba kwalliya, ba abin da ke motsi. A farkon 1993 jami'ar ta ce kamfanoni za su riƙa biyan kuɗin lasisi, a ƙarshen Afrilun shekarar kuma cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ta saki fasahar yanar gizo kyauta ga kowa. Jama'a suka kwashe suka koma can. Amma har gobe tana aiki. Shafin Floodgap na Cameron Kaiser yana riƙe da babbar ƙofarta da injin bincike mai suna Veronica-2, kuma Lynx, burauzar nan ta rubutu zalla, tana buɗe ta. Ku yaran yanzu ku sani, matsalar nan tsohuwa ce a garin nan. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya zo koyarwa Jami'ar Jos a 1999, wahalar layin da ya gani ce ta kai shi ga haɗa eGranary, ɗakin karatu a cikin faifan kwamfuta wanda ba ya bukatar intanet.

Maryam, Naraguta:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma don darasin Hausa ba zan ba Malam shawarar Gopher ba. An tsara ta ne a zamanin haruffan Turanci, don haka ƙ da ɗ da ɓ sun dogara da yadda sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, da manhajar suka daidaita, wani lokaci su fito daidai, wani lokaci su zama alamar tambaya. Sannan ba ta rufe saƙo, duk wanda ke kan layin zai iya ganin abin da kake karantawa.

Gemini ce ta dace. Ba Gemini ta Google nake nufi ba, wannan wani ne mai kiran kansa Solderpunk ya fara ta a 2019. Ta ɗauki sauƙin Gopher, ta tilasta rufe saƙo da tsarin tsaro na TLS, kuma UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, ce asalinta, haruffanmu masu lanƙwasa har ajami suna da wuri a ciki. Rubuta shafi bai fi rubuta saƙon waya wuya ba. Layin da ya fara da # shi ne take. Wanda ya fara da => mahaɗi ne zuwa wani shafin. Tauraro kuma jeri. Na zauna da ƙanwata 'yar aji uku na sakandare, na nuna mata sau ɗaya, ta buga karin magana goma da ma'anoninsu, muka buɗe a tsohuwar wayar Mama mai tsagaggen gilashi. Kafin ta ɗaga yatsa shafin ya fito, "ƙwarya" da "ɗaki" duk da lanƙwasarsu. Hoto ba ya buɗe kansa sai ka taɓa, wannan kaɗai ya rage kaya mai yawa. A kwamfuta Lagrange ta fi kyau, tana buɗe Gopher ma. A Android akwai Deedum da Buran.

Malam Sabi'u, Anguwan Rogo:
Maryam, Allah ya yi albarka. To ina zan ajiye shafin? Ba ni da saba.

Maryam, Naraguta:
Akwai ƙananan ƙungiyoyin sa kai da ake kira tilde, suna ba mutum wuri kyauta a sabarsu. Kafin a samu, Yaya Auwal yana da wadda yake haya.

Usman, Dilimi:
Ku yi haƙuri in kawo cikas. Ina gyaran waya, na san abin da ke hannun mutane. Iyayen yaran nan WhatsApp suka sani. Ka ce wa uwa ta sauke wata manhaja daga wajen Play Store, wayar ta nuna mata gargaɗi, a nan maganar ta tsaya. Kuma a Gemini ba JAMB, ba banki, rubutun Hausa ma sai wanda ku za ku saka.

Injiniya Auwal, Bukuru:
Gaskiyarka Usman, ba wanda zai cike fam ɗin jarrabawa a can. Amma darasi rubutu ne, kuma akwai shafukan da ke nuna Gemini a burauza ta yau da kullum, sai a tura mahaɗin a rukunin iyaye. Wani abin kuma, ka tuna 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida. Imel bai tsaya ba, saboda ba gida ɗaya ke riƙe da shi ba. Shi ya sa nake son malamai su riƙe hanya ta biyu: ko Delta Chat mai kama da WhatsApp amma kan imel take tafiya, ko Conversations mai amfani da XMPP, hanyar aika saƙo da aka fara da sunan Jabber a 1999. WhatsApp kanta a kan XMPP aka fara gina ta.

Hajiya Rabi, Rikkos:
Ni dai RSS ta ishe ni. Amma Malam, ga yaran da ba su da data ko kaɗan, jikana ya sa mini Kiwix, ya sauke Wikipedia ta Hausa gaba ɗaya a waya. Ana iya tura fayil ɗin daga waya zuwa waya.

Malam Sabi'u, Anguwan Rogo:
Na gode ƙwarai. Feeder ta sauka, labaran BBC sun shigo. Injiniya, in ka amince da maganar saba, ina da darasin aji ɗaya kan ginin jimla a rubuce.

Injiniya Auwal, Bukuru:
Na amince Malam. Turo shi a rubutu zalla, kada ka mai da shi PDF. Usman, ka zo da ƙananan wayoyi biyu ko uku daga shago ranar Asabar bayan la'asar mu gwada a kansu, musamman masu tsohuwar Android, don su ne a hannun yaran.