Ƙanena yana tsare, ga sanƙarau ya shigo: ta ina ake bi a fito da shi?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar kotu ku taimaka min. Ƙanena ne a tsare a wani gidan yari nan Kebbi, wata na takwas ke nan. Ɗan kabu-kabu ne. Mashin ɗin da ya fara aiki da shi na mijin yayarmu ne, suka saɓa kan kuɗin balas, dama tun rabon gonarmu ta fadama ba sa jituwa, don shi ya so a sayar, mu muka ce shinkafar gonar ce ke riƙe da Inna. Da ya karɓe mashin ɗinsa, Inna ta sayar da tumakinta, ni na kwashi adashe, aka haɗa masa ya sayi na hannu. To wannan mashin ne ya jawo aka kama shi. Yanzu sanƙarau ya shigo yankinmu, wata mai kai wa ɗanta abinci ta ce an fitar da mutum biyu daga ɗakinsu zuwa asibiti. Shi kuma ya rame, yana tari. Na ji lokacin korona gwamnati ta saki fursunoni. Ina ake kai suna? Akwai wanda ya karɓi dubu 80 kan zai sa shi a jerin, har yau shiru.

Ɗan Argungu:
Allah ya fidda shi. Ki ƙara haƙuri 'yar'uwa, in cutar ta yi ƙarfi dole su yi afuwa irin ta 2020, mutum 2,600 aka saka a lokacin.

Magatakarda:
Wa alaikumus salam. Hajiya, mun ji gona da adashe, amma abin da zai yanke maganar ba ki faɗa ba. An yanke masa hukunci ko jiran shari'a yake? Wace kotu ta tura shi? Me 'yan sanda suka rubuta a takardar FIR, wato rahoton tuhumar da suka kai kotu?

Ɗan Argungu, afuwar da ministan cikin gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya sanar a Afrilun 2020 ta waɗanda aka riga aka ɗaure ce: mai shekara 60 zuwa sama, mai ciwon da ake tsoron ajali, mai taɓin hankali, wanda aka ɗaure shekara uku ko fiye kuma saura masa ƙasa da wata shida, da wanda tararsa ba ta wuce naira 50,000 ba. An cire masu ta'addanci, garkuwa da mutane, fashin daji, fyaɗe da kisan kai. Cikin 2,600 ɗin ma 41 ne kawai na tarayya, akasarin sauran masu laifin dokar jiha ne, ikon yafe musu na hannun gwamna bisa sashe na 212 na kundin tsarin mulki. Kwamitin afuwa ba ya duba wanda ba a gama shari'arsa ba.

Maman Ikram:
Ba a yanke ba Malam. Kotun majistare ce, kullum sai a ce ana jiran shawara. A takardar an rubuta haɗa baki da fashi da makami, amma wallahi saye ya yi.

Magatakarda:
To nan gizo ke saƙar. Majistare ba shi da hurumin sauraron fashi da makami, ba zai iya ba da beli ba, ajiye shi kawai ya yi. Shawarar da ake jira ta ofishin DPP ce, wato daraktan shigar da ƙararraki na gwamnati, a ma'aikatar shari'a ta jiha. Abin da ya fi tsayar da irin wannan shari'a shi ne 'yan sanda ba su aika kwafin fayil ba, ko an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, sai kowa ya zauna yana jiran kowa.

Ki fara zuwa rajistaran kotun ki karɓi lambar ƙara, da kwafin FIR, da kwafin umarnin tsarewa. Ki kai su ofishin Legal Aid a Birnin Kebbi, ba a biyan kuɗin lauya. Lauyan ya rubuta wa Antoni Janar yana tambayar ko fayil ya iso. A dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, kwana 14 aka ba shi ya fitar da shawara bayan ya karɓi fayil, umarnin tsarewa ma kwana 14 ne da farko kafin a sabunta. Jihohi sun yi tasu dokar da ɗan bambanci, lauya ya duba ta Kebbi. In DPP ya ga babu hujjar fashi a kansa, ko a sallame shi ko a sauko da tuhumar.

A lokaci guda a shigar da neman beli a Babbar Kotu da takardar rantsuwa. A laifin da hukuncinsa kisa ne, dokar 2015 ta ce sai da dalili na musamman: rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, tare da nuna cewa inda ake tsare da shi ba za a iya kula da ita ba, ko jinkirin da ya wuce shekara ɗaya. Shi wata takwas ne, don haka takardar likita ce ƙafarku. Cewa akwai annoba a gari ba ta isa ba, alƙali yana son ganin ciwon a jikinsa shi.

Tsohon Gandiroba:
Ɗiyata, babu jami'in da zai buɗe ƙofa ba tare da takardar kotu ba, ko da cuta ta kwantar da rabin gidan. Wanda ya karɓi kuɗinki ya san haka. Ki rubuta wa shugaban gidan buƙatar a duba lafiyarsa, ki bi ta hannun jami'in walwala, a buga miki hatimi a kwafinki. Ma'aikacin lafiya na ciki shi ke rubuta a fita da shi asibiti da rakiya. Rahoton can shi lauya zai karɓa a hukumance, na asibitin kuɗi ba ya aiki.

Kuma a daina ɗora mana laifin cunkoso. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke. Dokar gidajen yari ta 2019 sashe na 12 ta ce in gida ya cika, Kwanturolan gidajen yari na jiha ya sanar da Alƙalin Alƙalan jiha da Antoni Janar, a ba su wata uku su gyara, har ta ba da ikon ƙin karɓar sabbi. Amma in mota ta zo da mutum ashirin da takardar kotu da yamma, ina za ka mayar da su? Gandiroban nan iskar ɗakin yake shaƙa, ya koma wa iyalinsa da ita.

Malamar Asibiti:
Maman Ikram, tari da rama ba alamar sanƙarau ba ne. In tarin ya wuce mako biyu, da zufar dare, tarin tibi za a nema. A buƙaci gwajin majina na GeneXpert, gwaji da magani duk kyauta ne, maganin wata shida ba fashi. Sanƙarau kwatsam yake zuwa: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, allurar ceftriaxone ake farawa da gaggawa. Ki gaya masa ko cikin dare ya ji haka ya sa a buga ƙofa, kada ya sha farasitamol ya jira safiya. Zancen mutum biyun nan a kai shi ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi ke da hanyar jawo masu bincike da rigakafi. Gwandu, Jega da Aliero sun ga abin da cutar ta yi a 2025.

In an sako shi ma, cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana. Ya kwana ɗaki daban, kofinsa daban, kada ya shige wurin Inna kafin a ga sakamakon majina.

Maman Ikram:
Anti ba a fito da shi ba kin fara raba shi da uwarsa? Gidan ɗaki biyu ne.

Abu Hanif:
Duk wannan doguwar hanya ce. A samu wanda aka yi wa fashin mashin ɗin a yi sulhu ta hannun hakimi, a mayar masa da abinsa. Ko yaron ya amsa ƙaramin laifi na sayen kayan sata, a ci shi tara a biya. A 2023 ma ministan cikin gida Tunji-Ojo ya haɗa naira miliyan 585 aka biya wa mutum 4,068 tara. Mai tara yana da hanyar fita, mai jiran shari'a ba shi da ita.

Magatakarda:
Abu Hanif, kada ka jefa su rami. Fashi laifi ne tsakanin mutum da gwamnati, yafewar mai mashin ba ta rufe fayil, sai dai ta taimaka in ya rubuta cewa ba yaron ne ya tare shi ba. Karɓar abin da aka samo ta fashi kuma, a dokar fashi da makami, yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Kada ya amsa komai sai lauya ya ga sashen da aka rubuta.

Hanya ta uku ita ce ziyarar Alƙalin Alƙalan jiha gidan yari. Dokar 1977 ta ba shi ikon sakin wanda tsarewarsa ta saɓa doka ƙarara, ko wanda ya zauna fiye da abin da za a ɗaure shi. Ita ce aka yi amfani da ita bayan Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Mai Shari'a Tanko Muhammad, ya rubuta wa jihohi kan rage cunkoso a Mayun 2020. Ofishin ajiye bayanai na gidan ke haɗa sunaye, ba a sayen gurbi, kuma DPP yana zaune a wurin yana iya ƙi. Mai tuhumar fashi da wuya ya fita ta nan. Hajiya, akwai rasit ko shaidar cinikin mashin?

Ɗan Argungu:
Dokoki a takarda. Talaka ya yi shekara kan mashin, mai satar biliyan yana asibitin kuɗi da sunan beli. Lauyan kyauta ma sai ka zuba masa mai.

Maman Ikram:
Rasit babu, a hannun abokin abokinsa ya saya, shi kuma ya tsallaka Nijar. Mutumin da na ba kuɗi ba baƙo ba ne, surukin maƙwabcinmu ne, ya fito da mutane a baya. Ya ce in muka kawo lauya za a fusata masu binciken, a ƙara masa laifi. Ya ce ziyarar tana nan tafe bayan Sallah, dubu 40 ta rage a cika. Ni dai ina ganin in jira zuwa lokacin.

Magatakarda:
Ki tambaye shi lambar ƙarar ƙanenki. In ya sani ki dawo ki gaya mana.

Abu Hanif:
Ni har yanzu sulhu na gani. Mai mashin ɗin ɗan wane gari ne?