Hawan Sallah a Katsina: ina ya kamata mai son kiɗa ya tsaya?

Ɗan Funtua:
Assalamu alaikum. Yayyena na birni, wanda zai zo Hawan Sallah don ya ji makaɗan fada da kyau, har ya naɗi sauti a waya, kuma da yara biyu a hannunsa, ina ya fi dacewa ya tsaya? Me zai riƙo?

Baba na Ƙofar Guga:
Wa alaikumus salam, yaro. Kowa Ƙofar Soro, wato ƙofar fadar Sarki, yake nufa, don can ake jahi (sukuwar gaisuwa ga Sarki), can Mai Martaba yake jawabi. Amma in kiɗa kake so, filin Kangiwa da ke gaban Ƙofar Soro ba wurinka ba ne. Tawagar hakimai duk a nan take haɗuwa, kowa da makaɗansa, ga lasifika ga 'yan bindiga, sai kiɗan ya cakuɗe ka kasa rarrabe kotso da kalangu. Nemi bakin hanyar da ake bi daga masallacin Idi zuwa fada. Nan hakimai ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, ka ji na wannan ya gushe kafin na wancan ya iso.

Kada ka ƙarar da cajinka a kan na farko. Sarki shi ne a ƙarshe, kuma a tawagarsa za ka ji kakaki da tambari, waɗanda ba a yi wa kowa sai shi. Ka lura da mai algaita: kumatunsa a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana busa ta baki, shi ya sa sautin ba ya yankewa. In ka rasa ranar Sallah, kashegari akwai Hawan Sarki zuwa Gidan Gwamnati.

Injiniya:
Baba ya gama magana a kan wuri. Batun naɗi kuwa, kuskuren mutane shi ne matsawa jikin ganga. Makirfon waya ƙarami ne, in ƙara ta fi ƙarfinsa sai sautin ya fashe, kuma ba ya gyaruwa daga baya. Ja da baya kamar taku goma zuwa goma sha biyar. Kakaki ya fi mita biyu tsawo, kuma gaba yake jefa sauti, don haka tsaya ta gefe kaɗan, ba saitin bakinsa ba. Ɗaura ɗan soso a kan ramin makirfo saboda iska, ka kula kada yatsanka ya toshe shi.

Sa wayar a yanayin jirgi. Taro in ya cika, sabis cushewa yake yi, waya ta yi ta lalube tana shan batir, kuma kira na shigowa naɗin ya tsinke. Bidiyo a tsakar rana yana sa ta zafi har ta kashe kyamara da kanta, to in sauti kawai kake so, naɗi sauti kawai.

Hajiya Malama:
Ni dai yaran nake ji. Baba, a gafarce ni, bakin hanyar ma da nasa haɗarin: ba shinge tsakaninka da dawakai. Doki in ya ji bindiga zabura yake, kuma da ƙafar baya yake harbi. Ƙanena, ka samu dakali ko barandar shago, bango a bayanka, yara a gabanka. Kada ku tsallaka titi tsakanin tawaga da tawaga ko da kun ga fili.

Sallar shekarun nan cikin bazara take faɗowa, zafi kan kai digiri 40. Fiya wata rabin lita ce, babba ya sha aƙalla huɗu, yaro biyu zuwa uku, a riƙa ba su kafin su ce ƙishirwa. Hula, takalmi mai rufi, da takunkumi saboda ƙura. Rubuta lambarka a takarda ka sa a aljihun kowannensu (in an rabu ka cire wayar daga yanayin jirgi don a same ka), ku kuma tsayar da wurin haɗuwa in an rabu, misali gindin hasumiyar Gobarau. Ƙaramin yaro a toshe masa kunne da auduga in 'yan bindiga sun ƙaraso.

Baba na Ƙofar Guga:
Gaskiyarki, Hajiya. Ya kuma ajiye mota nesa ya tako, don ana rufe hanyoyin fada tun da safe. Kuɗi ƙanana a aljihun gaba saboda 'yan sane, taransifa ba ta tafiya a cikin wannan cunkoso. Kafin ya baro Funtua ya saurari sanarwar masarauta a rediyo, don akwai shekarun da aka dakatar da hawan, kamar 2020 lokacin korona.