Neman shawara: gaɓoɓin Turanci suna rikita ni, ga WAEC ta matso

Ɗalibar SS3:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min. A takardar furucin Turanci ana rubuta gaɓa ɗaya da manyan baƙaƙe, a ce mu zaɓi inda ake danna murya. Ni duk zaɓin iri ɗaya nake jin su. Ko ƙirga gaɓoɓin ma sai su yi min yawa. Haddacewa ake yi ko akwai ƙa'ida?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam 'yata. Yawan da kike samu daga Hausa ya fito. Mu ba ma fara gaɓa da baƙi biyu a jere, sai mun cusa wasali a tsakani, shi ya sa bread ya zama burodi. To strength gaɓa ɗaya ce tak duk da haruffa 8. Ki ƙirga wasulan da kunne ya ji, ki rabu da na rubutu. Walked gaɓa ɗaya ce, wanted kuma biyu, domin -ed ba ta ƙara gaɓa sai in ta biyo bayan sautin t ko d.

Batun danna murya kuwa, ɗafa-ƙeya ki fara dubawa. In kalma ta ƙare da -tion, -sion, -ic ko -ity, nauyin yana kan gaɓar da ta zo daf kafin su: eduCAtion, deCIsion, aBIlity. Duba yadda saiwa ɗaya ke sauyawa: PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAphic. Amma -ness da -ful ba sa motsa komai, HAPpy ta zama HAPpiness.

Wata mai karatu a jami'a:
Ƙanwata, ƙara da wannan. Kalmomi da dama masu gaɓa biyu, in suna ne ana danna gaɓar farko, in aikatau ne ta ƙarshe: REcord da reCORD, IMport da imPORT. Yana yawan fitowa.

Wani ɗan uwa:
Malam, da izininka, ƙa'idar -ic tana da masu bijirewa. Arabic da politics a gaɓar farko ake danna su.

Malamin Turanci:
Gaskiyarka, na gode. Waɗannan kam sai hadda, amma ba su da yawa. 'Yata, ki buɗe ƙamus, za ki ga ɗan gajeren layi a sama kafin gaɓar da ake dannawa. Ki furta da ƙarfi, kina buga tebur a kanta.

Ɗalibar SS3:
Allah Ya saka da alheri. Malam, kalmomin da aka haɗa biyu fa, irin blackboard?

Malamin Turanci:
In suna ne, galibi a ta farko: BLACKboard, CLASSroom.