Neman shawara: fiffiken sama na samfurin Sopwith Camel ya ƙi zama daidai

Dattijon Agege:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na yi kusan shekara uku ina harhaɗa ƙananan samfuran jiragen sama na roba, amma duk waɗanda na yi a baya masu fiffike ɗaya ne, irin na Yaƙin Duniya na Biyu. A watan jiya wani ɗana da ya dawo daga tafiya ya yi mini tsarabar kwalin Sopwith Camel na kamfanin Revell, ma'aunin 1/72 (kashi ɗaya cikin 72 na tsawo da faɗin ainihin jirgin), wato samfurin jirgin yaƙin nan na Ingila mai fiffike hawa biyu da ya shiga fagen fama a 1917. Faɗin fukafukan ainihin jirgin mita 8.5 ne, saboda haka samfurin bai kai santimita 12 ba, kuma turakun da ke riƙe fiffiken sama guda takwas ne, kowanne bai fi tsinken ashana kauri ba.

Sau biyu ina ɗora fiffiken sama yana karkacewa. A karo na biyu na riƙe shi da hannu ina jiran gam ya kama, sai aka ɗauke wuta, kafin in laluba tocila turaku biyu sun zame, gam kuma ya narka fentin fiffiken ƙasa. Tambayata kashi biyu ce: ta yaya ake ɗora fiffiken nan ya zauna daidai, kuma da wane zare ake yin wayoyin da ke tsakanin fukafukai ba tare da sun yi sako-sako ba? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Injiniya na Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Baba. Abin da ya same ku ya sami kowa a farko, kuma tushen matsalar shi ne riƙewa da hannu, domin hannun mutum ba ya iya tsayuwa cak na minti goma. Ku yanka kwali mai kauri ku yi wa jirgin mazauni: ɓangare biyu a tsaye, hagu da dama, kowanne da tsagi biyu da fukafukai za su shiga. Kafin ku yanka tsagin, ku lura da siffar Camel ɗin kansa, domin fiffikensa na sama a miƙe yake sak, na ƙasa ne yake ɗagawa kaɗan daga jiki zuwa baki, sa'annan na sama ya ɗan tsere wa na ƙasa ta gaba. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta ƙoƙarin daidaita su biyun ya ɓata kamannin jirgin.

Tsarin da nake bi shi ne in fara liƙa turaku huɗu na tsakiya, waɗanda ke kan jikin jirgi a gaban mazaunin matuƙi, da gam ɗin roba mai jinkirin bushewa. Tun bai gama kamawa ba sai in kifa fiffiken sama a kan tebur, in kifa jirgin a kansa, in saka cikin mazaunin kwalin in bar shi ya kwana. Washegari ne nake zura turakun gefe ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Kada ku yi amfani da sufa-gulu a wannan mataki, musamman a nan Legas, domin laimar iska ce ke sa shi kamawa, kuma da damina yakan daskare kafin mutum ya gyara zaman turke, ya bar farin tabo a gefensa.

Fenti kuwa ana gama shi kafin haɗawa, a kankare shi daga wuraren da gam zai taɓa. Jiragen Ingila na lokacin ana shafa musu wani launi da ake kira PC10 a sama, tsakanin kore da ruwan ƙasa, ƙasansu kuma a bar shi da launin yadin lilin da aka shafa wa man kariya, fari mai ɗan rawaya.

Abu Hafsa, Obalende:

Na yarda da Injiniya a kan mazaunin kwali, sai dai ina ganin, da girmamawa, an fara wa Baba da mai wuya. Da ni ne da na ajiye Camel ɗin na nemi Fokker D.VII na Jamus, na 1918. Fukafukansa masu kauri ne da ke ɗauke da nauyin kansu, don haka babu wayoyi tsakanin na sama da na ƙasa, turakun gefe kuma haɗe suke da siffar harafin N, ba sa faɗuwa ɗaya-ɗaya. Jirgin ya yi suna har yarjejeniyar tsagaita wuta ta Nuwamba 1918, wadda ta tsayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ambace shi da sunansa cikin abin da Jamus za ta miƙa. Wahalarsa ɗaya ce, wato zanen nan mai launuka na tsaki-tsaki da aka buga a jikin yadinsa, wanda a samfuri sitika ce mai faɗi da ake jiƙawa da ruwa. Takardar sitika ba ta shiri da danshinmu. Na taɓa barin tawa cikin kwali damina guda, da na buɗe ta manne da takardar da ke kanta. Yanzu a leda mai zif nake ajiye su, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi.

Malam Mai Agogo:

Baba, kada ku ajiye shi, tunda an riga an fara. Batun wayoyi ne ba a amsa muku ba, kuma shi zan tsaya a kai.

Ni zaren kamun kifi nake amfani da shi, mafi sirantaka, wajen milimita 0.1, kuma ba ya wuyar samu a garin da ke kewaye da ruwa kamar namu. Kafin a haɗa fukafukai ake huda ramukan da bakin huda na milimita 0.3. A fiffiken sama ramin ya tsaya rabi daga ciki, kada ya ɓulla, a na ƙasa kuwa ya ɓulla gaba ɗaya. Ana liƙa bakin zaren a na sama tun yana kife a tebur, sai jirgin ya zama kamar mai gemu, zare na reto ko'ina. Bayan an ɗora fiffike ya bushe, sai a zura kowane zare ta raminsa na ƙasa, a maƙala masa maƙalin shanya ya ja shi da nauyinsa, a ɗiga sufa-gulu da bakin allura, a yanke saura da reza, a goge da samfefa mai laushi a taɓa fenti. Idan wani ya saki daga baya, ku kunna turaren tsinke ku kusanto da shi a hankali, za ku ga zaren ya miƙe da kansa. Kusantowa kawai, domin na ƙona fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Akwai masu son zare mai talewa irin EZ Line, kuma ba na musun sauƙinsa, amma ba ya ƙara wa samfuri ƙarfi, alhali zaren kifi yana ɗaure fukafukan kamar yadda wayoyin ainihi suke yi. A Camel na gaske wayoyin da suka tashi daga gindin fiffiken ƙasa zuwa saman turakun gefe bibbiyu ne, amma a 1/72 guda ɗaya ta wadatar wa mai farawa. Wajen kammalawa kuma, ku tuna injinsa yana juyawa ne tare da farfela, yana fesar da man zurman da ake sa masa, shi ya sa ƙasan jiki bayan inji ya dace da ɗan baƙin maiƙo. Kada ku fesa fentin kariya ranar da ake ruwa, zai yi hazo.

Dattijon Agege:

Allah ya saka muku da alheri. Zan ci gaba da Camel ɗin bisa tsarin Injiniya da Malam, in kuma nemi Fokker ɗin da Abu Hafsa ya ambata. Burina na asali dai shi ne DH.9A, irin guda ukun nan na sojan saman Ingila da Arthur Coningham ya jagoranta daga Masar suka sauka Kano a 1925. Shi faɗinsa kusan mita 14 ne, turakun gefensa kuma ninki biyu na Camel. Na riga na yanka kwalin, kuma zan yi aikin ne da hantsi a bakin taga, ba da dare ba.