Rukuni bakwai ko takwas? A taimaka mini da jadawalin maki

Ummu Hanan: Assalamu alaikum. Ina da makin ɗalibai 60 na jarrabawar lissafi, mafi ƙanƙanta 23, mafi girma 91. Zan zuba su a jadawali rukuni-rukuni a babi na huɗu na furojet ɗina. Rukuni nawa zan yi, kuma daga 20 zan fara ko daga 23? Da hannu nake son yi, ba ni da kwamfuta.

Malam Lissafi: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara da tazara: 91 a cire 23, saura 68. Ƙa'idar Sturges ta 1926 ta ce adadin rukuni shi ne 1 + 3.322 log n, inda n yake nufin yawan ɗaliban. Ga 60 zai ba ki 6.9, wato 7. Raba 68 gida 7, kin sami 9.7, ki ɗaga shi zuwa 10. Faɗin rukuni sama ake kai shi. Da kin sauke shi zuwa 9, rukuninki na ƙarshe zai tsaya a 85, mai 91 ya rasa wurin zama. Daga 23 za ki sami 23–32 har zuwa 83–92, bakwai cif.

Dan Birni: Ki buɗe Excel kawai, umarnin FREQUENCY da ke cikinsa zai ƙirga miki. Ki ba shi iyakar sama ta kowane rukuni. A tsohon Excel sai kin danna Ctrl, Shift da Enter tare.

Ummu Hanan: Yaya, na ce ba ni da kwamfuta.

Hajiya Malama: Malam, da girmamawa, wa zai karanta 23–32 ya fahimci wani abu? Ta fara daga 20: 20–29, 30–39, har 90–99. Takwas ke nan, kuma 40 da 50 da 70 duk sun faɗo a farkon rukuni, inda malamai ke duba wanda ya ci da wanda ya faɗi. Ki bi makin ɗaya bayan ɗaya kina jan sanda, ta biyar ta gitta huɗun, kina soke duk wanda kika ƙirga. Jimilla ta fito 60. In za ki zana histogiram (zanen ginshiƙai mai nuna yawan ɗalibai a kowane rukuni), iyakokin rukunin farko su ne 19.5–29.5, tsakiyarsa 24.5.

Malam Lissafi: Takwas ɗin zai bar 90–99 da mutum ɗaya ko biyu.

Hajiya Malama: Ya bari mana. Sturges ai ba wahayi ba ne. Tushen 60 (square root) ma 7.7 ne, masu bin wannan hanyar takwas za su yi.

Baffa Kwalli: Ku bar musun nan, ɓarnar tana wurin masu karɓar kuɗi su yi wa ɗalibai aiki. Akwai yarinyar da ta biya dubu ashirin, aka ba ta jadawali mai 20–30, 30–40, 40–50. Duk mai 30, 40 ko 50 an ƙirga shi sau biyu, jimilla ta kai 66 a samfurin mutum 60, kaso ya haura ɗari. Ranar kare aiki malamin waje ya haɗa lissafin a gabanta, aka mayar da babin gaba ɗaya. Mai aikin ya kashe waya.

Dan Birni: Dubu ashirin? Dubu biyar ake yi a shagunan bakin makaranta.

Baffa Kwalli: Na dubu biyar bugawa ce kawai. Mai SPSS (manhajar lissafin ƙididdiga) ba ya taɓawa ƙasa da talatin.

Sarkin Shayi: Ni a ba ni shayi da burodi in ja muku sandunan 😂

Malam Lissafi: Wanda bai taɓa zama teburin duba furojet ba ya rage ba da fatawa. Ummu Hanan, lura da wannan: matsakaicin da aka fitar daga jadawali yana ɗaukar kowa a tsakiyar rukuninsa. In malamai sun tura yara da yawa zuwa 40 daidai, 44.5, wato tsakiyar 40–49, zai kumbura miki shi. Tunda makin asali na hannunki, haɗa su ki raba da 60.

Hajiya Malama: Wannan turawar ita ce babbar cutar. Ku duba kowace takardar sakamako, 38 da 39 kamar an share, 40 ta cika maƙil. Shugaban makaranta ya ce kada a kayar da yara, malami ya ƙara maki biyu, sannan a zo ana bincike a kan makin.

Baffa Kwalli: A makarantun kuɗi ma abin ya fi muni, iyaye ke zuwa har ofis.

Ummu Hanan: To ni dai 20 ko 23?