Neman kalma: wane suna za mu raɗa wa "core region"?

1/ Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kalmar masana labarin ƙasa na kawo mu taru mu raɗa mata suna, wato "core region", da abokiyar tafiyarta "periphery". Abin da suke nufi shi ne, a ƙasa guda sai ka tarar wani yanki ɗan kaɗan ya kwashe masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da bankuna da jami'o'i, sauran ƙasar kuma ta koma mai aiko masa da ma'aikata da abinci da ɗanyen kaya. Yankin da ya kwashe shi ne "core", sauran ƙasar ita ce "periphery". Masanin tsara birane John Friedmann ne ya shahara da tsara wannan bayani a 1966. A rediyo ana cewa "cibiya", wani sa'in "zuciya". Ni dai duka biyun ba su kwanta mini ba.

2/ Kafin gardama ta kaure, mu ɗora kalmar a kan ƙasa ta zahiri. Na zaɓi bakin kogin Zhujiang, a lardin Guangdong da ke kudancin Sin, domin ko ba ka taɓa taka can ba, kayan can suna aljihunka. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da Itel a Shenzhen hedikwatarsa take. Oppo da Vivo suna Dongguan. Foshan ta yi suna da tayil da kujeru, garin Guzhen na Zhongshan da fitilu, Zhuhai kuma can ne gidan na'urar sanyaya ɗaki ta Gree.

3/ Ƙasar kanta kyautar ruwa ce. Koguna uku ne suka haɗu a wurin: Xi daga yamma, shi ne babbansu, Bei daga arewa, Dong daga gabas. Lakar da suka yi shekaru dubbai suna ɗebowa daga tuddai ita ta cike bakin teku ta zama fili shimfiɗaɗɗe, rassan ruwa sun tsattsaga shi ko'ina, kwale-kwale na iya kai ka kusan kowane gari. Ruwan saman da Guangzhou ke samu a shekara ya kai milimita 1,700, kusan ninkin na Kano, ga guguwar teku da ke kawo musu ziyara da damina. A arewa kuma tsaunukan Nanling sun tokare, sun raba lardin da tsakiyar ƙasar. Saboda haka tun fil azal yankin ya juya wa tudu baya, teku yake kallo.

4/ Tun ba a san masana'anta ba mutanen wurin sun iya juya ruwa ya zama kuɗi. Manomin Shunde zai haƙa tafki ya zuba kifi, ƙasar da ya haƙo ya yi jinga da ita, a kan jingar ya dasa itacen da tsutsar siliki ke cin ganyensa. Kashin tsutsar ya zama abincin kifi, lakar gindin tafkin a kwaso ta ta zama takin itacen. Ba abin da ke zubewa banza. Ga kifi, ga siliki, ga kogi a ƙofar gida da zai kai su kasuwa.

5/ Sai tarihi ya ƙara masa gishiri. Daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou ce kaɗai tashar da sarakunan Sin suka yarje wa Turawa su yi ciniki. Baje kolin Canton (sunan da Turawa suka san Guangzhou da shi), wanda ’yan kasuwarmu ke zuwa, tun 1957 ake yin sa sau biyu a shekara. A 1980, zamanin jagoran Sin Deng Xiaoping, aka ware Shenzhen da Zhuhai a matsayin yankunan tattalin arziki na musamman, ɗaya a jikin Hong Kong, ɗaya a jikin Macau. Masu jari na Hong Kong suka tsallako da masana'antunsu inda fili da ƙwadago ke da arha, suka bar ofis da tasha a gida. Sinawa na kiran tsarin "shago a gaba, masana'anta a baya".

Af, labarin da ake yayatawa cewa Shenzhen ƙauyen masunta ce kawai, an ɗan zuzuta. Gundumar da aka mayar birnin tana da mutane kimanin 300,000 a lokacin. Amma ƙidayar 2020 ta samu fiye da miliyan 17 a cikinta, to ko ba a zuzuta ba abin ya isa mamaki.

6/ Ga alƙaluman da suka sa ake kiransa "core". Birane tara ne a yankin. Ba su kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin Guangdong ba, amma a 2020 suna ɗauke da mutum miliyan 78 cikin miliyan 126 na lardin, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na abin da lardin ke samarwa daga nan yake fitowa. In ka haɗa da Hong Kong da Macau, faɗin wurin murabba'in kilomita 56,000 ne, bai kai jihar Neja ba, amma mutanen ciki sun haura miliyan 86. A 2018 aka buɗe hanyar da ta ratsa teku, gada da rami a ƙarƙashin ruwa, tsawon kilomita 55, ta haɗa Hong Kong da Zhuhai da Macau.

7/ To su wa ke tsaye a bakin injin? Mafi yawa ba ’yan wurin ba ne. ’Yan ci-rani ne daga Hunan da Guangxi da Sichuan da Jiangxi, da kuma tuddan arewacin Guangdong ɗin kanta, irin su Meizhou da Heyuan. Rajistar gida da suke kira hukou ta ɗaure makarantar yaro da asibiti da garin asali, shi ya sa da yawa suke barin ’ya'ya hannun kakanni a ƙauye. Ƙarfin saurayi da budurwa a bakin teku ake cinye shi, tsufa da reno kuma a tudu ake yin su. Duk kalmar da za mu zaɓa, ina so ta ɗauki wannan ɓangaren.

Wani Alhaji ɗan Kantin Kwari ya rubuto:
Malam, wannan batu naka haka yake. In sallar sabuwar shekararsu ta ƙarato, duk wanda bai ba da odarsa da wuri ba ya shiga uku. Masana'anta sai ta rufe makonni, ma'aikata kowa ya ɗaure jaka ya nufi tashar jirgin ƙasa. Ka shiga layin da ka saba jin ƙarar keken ɗinki dare da rana ka tarar an ja ƙofofin ƙarfe, ko mai sayar da shinkafa babu. Ni dai "cibiya" nake ganin ta fi sauƙi. Ai Kano ma Cibiyar Kasuwanci muke ce mata.

8/ Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Cibiya tana da matsala biyu. Ta farko, mun riga mun ɗora mata kaya da yawa: cibiyar bincike, cibiyar lafiya, cibiyar koyon sana'a. Mai sauraro in ya ji cibiya, gini yake hangowa mai allo a ƙofa. Ta biyu, cibiya ɗigo ɗaya ce. Ta dace da birni guda kamar Kano, amma nan birane tara ne da Hong Kong da Macau, kuma ba wanda za ka nuna ka ce shi ne uban sauran. Guangzhou na da mulki da tsohuwar kasuwa, Shenzhen na da fasaha, Hong Kong na da harkar kuɗi.

"Zuciya" kuwa fassarar kai-tsaye ce. A Hausa zuciya wurin fushi da so da haƙuri ce. Ka ce "zuciyar Guangdong" sai a tambaye ka wa ya ɓata mata rai.

Wata Malama mai koyar da labarin ƙasa ta ce:
Ni a aji "yankin tsakiya" nake cewa, da "yankin gefe", kuma yara suna ganewa. Me ya hana?

9/ Malama, gefen naki na karɓa hannu bibbiyu. Tsakiyar ce nake jin tsoro. Ɗalibi zai buɗe taswira ya nemi tsakiya, alhali bakin Zhujiang a can ƙurewar kudu yake, ƙafarsa cikin teku. Mu kuma a nan "Arewa ta Tsakiya" ta riga ta kama sunan. Ga wani misali da ya fi ban dariya. A Holan, yankin da ya haɗa Amsterdam da Rotterdam da Hague da Utrecht shi ne "core" ɗinsu, kusan rabin mutanen ƙasar a nan suke. Sunansa Randstad, ma'ana birnin baki ko birnin gefe, don biranen zobe suka yi. Tsakiyar zoben kuwa makiyaya ce da shanu. Malamin da ya ce "tsakiya" a wannan darasi ya tura yara wurin shanu.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce:
Mu nan a lakkwal "centre" aka koya mana, matsalar ɗaya ce. Me zai hana a ce "dausayin arziki"? Ko "tumbin ƙasa", tunda an ce Kano tumbin giwa?

10/ Ɗan'uwa, dausayi ya yi daɗin baki, har na so in bi ka. Sai dai dausayi ni'imarsa daga ƙarƙashinsa take tsattsafowa, bai ɗauki komai daga wurin kowa ba. Wannan ya ɓoye ’yan Hunan ɗin da muka ambata. Tumbi kuma ya wuce gona da iri ta ɗaya gefen, haɗiya kawai ya sani, alhali kuɗin da ma'aikatan ke aikawa gida su suka gina gidaje da yawa a ƙauyukan tudu. Kirarin Kano mu bar wa Kano abinta.

11/ Ga tawa shawarar: MATATTARAR ARZIKI.

Matattara wuri ne da abubuwa ke gangarowa daga wurare daban-daban su taru, kamar kwarin da ruwan damina ke malalowa daga kan jigawa ya kwanta a ciki. Kalmar ba ta ce wurin a tsakiya yake ba, ba ta ce ɗigo ne ba. Kuma duk wanda ya ji ta ya san akwai inda abin ya baro. A bakin Zhujiang ma ta zauna daram: koguna uku sun tattaru, jari ya tattaru, mutane sun tattaru.

Malamar ta dawo:
Malam, kunnena ya saba jin "matattarar ɓata-gari" da "matattarar shara" a labarai. Ba ta yi wari ba?

12/ Gaskiyarki Malama, ’yan jarida sun ɗan shafa mata baƙin jini. Amma muna cewa matattarar ruwa, matattarar malamai, ba wanda ya toshe hanci. Abin da aka jingina mata shi ke ba ta ƙamshi ko wari, kuma "arziki" ya isa ya wanke ta.

Mu gwada ta a jimla mu ji:
"Legas da layin masana'antun Ogun, daga Agbara zuwa Ota da Shagamu, su ne matattarar arzikin Najeriya."
"Matasa na barin yankunan gefe suna kwarara matattara."
Harshe bai sarƙe ba, kuma a jimla ta biyu ko an yar da "arziki" ana ganewa.

Alhajin Kwari ya sake cewa:
To na sallama, amma in sun fi ɗaya fa? Don Chaina ba Guangzhou kaɗai ba ce, masu zuwa Yiwu ma za su ce nasu yankin ne gaba.

13/ Alhaji ai ba su yi ƙarya ba. Yiwu tana lardin Zhejiang, cikin yankin bakin kogin Yangtze da Shanghai ke jagoranta, ga kuma na Beijing da Tianjin a arewa. Jam'in sai mu bi sawun makaranta da makarantu, ma'aikata da ma'aikatu, mu ce matattaru. "Sin tana da manyan matattarun arziki uku." Malama, ki gwada ta a aji wannan makon, ki faɗa mana yadda bakin yara ya karɓe ta.